Da gaske maƙeran dā yawo suke yi da jaka? Kuma yaya za a yi da ɗan wasa mai maguɗi?

Tambaya: Ina jan wasan labari na tebur, irin su Dungeons & Dragons, ni da abokaina biyar: kowannensu yana riƙe da jarumi guda, ni ina ba da labarin, ana jefa dayis don a ga ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu. Duniyar da na tsara mana ta zamanin tagulla ce, wato kafin mutane su fara aiki da baƙin ƙarfe. Ɗaya daga cikinmu ya ɗauki matsayin maƙeri matafiyi. Duk inda ayari ya yada zango sai ya ce ya ƙera takobi ko sulke kafin gari ya waye, hujjarsa wai haka maƙeran dā suke, ba su da gari ba su da ubangida, jakarsu ce maƙerarsu. Ban da wannan, na lura kayan da ke rubuce a takardar jaruminsa suna ƙaruwa ba da sanina ba, kuma yakan jefa dayis ya ɗauke kafin kowa ya gani. Da gaske haka maƙeran dā suke? Yaya zan yi da shi ba tare da abota ta ɓaci ba?

Amsa: Malam, abokinka ya riƙe wani yanki na gaskiya. Maƙera sun yi tafiya tun farkon sanin ƙarfe, kuma an tono kaburburansu da akwatunan kayan aikinsu, har da jirgin ruwan da ya nutse da kayan ƙira a cikinsa. Amma maƙerin da zai sauka a dokar daji, ba kowa a bayansa, ya fitar da takobi kafin asuba, wannan tarihi bai tsaya masa ba. Mutumin yana iya tafiya, guduma da awartaki da zuga-zugi suna iya bin sa. Ƙarfen da zai yi aiki da shi, da gawayi, da abincin kwanakin aikin, da wanda zai tsare masa rai a baƙon gari, waɗannan kullum a hannun wani suke.

Bari mu fara da inda wannan hoto ya samo asali, domin ba masu wasanni ne suka ƙirƙiro shi ba. Wanda ya fi yaɗa shi shi ne Gordon Childe, masanin tarihin dauri haifaffen Ostareliya da ya yi aikinsa a Birtaniya, tun a littafinsa na 1930 kan zamanin tagulla. Lissafinsa yana da daɗin ji. Ya ce aikin tagulla ilimi ne mai zurfi da ke cin lokacin mutum gaba ɗaya, ƙauyukan Turai na wancan zamani kuwa ƙanana ne, babu wanda zai iya ciyar da maƙeri shekara guda cur don 'yan gatura kaɗan. Don haka, a ganinsa, dole maƙeri ya bar danginsa ya riƙa bin garuruwa, yau yana wajen wannan basarake gobe yana wajen wancan. Har ya tafi a kan cewa wannan 'yanci ne ya sa fasahar Turai ta riƙa sauyawa da sauri, ba kamar ta Gabas ta Tsakiya ba inda mai sana'a yake ɗaure da fada ko ɗakin bauta.

Abin da ya fi dogara da shi shi ne tarin tagulla da ake tonowa a binne a faɗin Turai: karyayyun takubba, gatura da suka dakushe, guntayen mazubi, dunƙulen ƙarfen da ba a sarrafa ba. An ɗauka cewa jarin maƙeri matafiyi ne, ya binne da niyyar dawowa, ajali ko yaƙi ya hana shi. Wasu tarin ƙila haka ne. Amma dubi wanda aka tono a Isleham da ke gabashin Ingila a 1959, shekara biyu bayan rasuwar Childe: guntaye sama da 6,500 a cikin wata babbar tukunyar ƙasa. Wannan ya fi kama da taskar gari ko ta wani mai ƙarfi da kayan da mutum ɗaya zai yi yawo da su. Sannan akwai takubba masu kyau da aka lanƙwasa da gangan aka jefa a koguna irin su Thames, waɗanda babu mai niyyar dawowa ya ɗauka, sun fi kama da abin da aka miƙa don bauta. Ko a nan Afirka ta Yamma muna da misalin da ke koya mana hattara. A 1964 Théodore Monod ya gano sandunan tagulla sama da 2,000 a binne a Ma'den Ijafen, can cikin hamadar Mauritaniya, tare da wuri. Kayan fatake ne na wani ayari da ya shiga matsala, babu ruwan maƙeri a ciki. Ƙarfe a binne yana nuna ƙarfe ya yi tafiya, bai isa ya nuna wanda ya ƙera shi ya yi ba.

A 1971 Michael Rowlands ya zo da tambayar da ta raunana wannan ra'ayi. Ya ce maimakon a yi ta hasashe, a duba al'ummomin Afirka da Asiya da aka tarar da maƙeransu suna aiki irin na gargajiya. Abin da ya gani shi ne maƙeri ɗan yawo mara tushe abu ne da ba kasafai ake samunsa ba. Galibi maƙeri ɗan gari ne, yana da gona, yana ƙira a lokacin da ake buƙata, sau da yawa mai kaya ne zai zo da ƙarfensa, wani wurin har da gawayinsa, ya zauna ya yi zuga da kansa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Wanda ya tashi a karkara ya san maƙera tana cika ne gab da faɗuwar damina, lokacin gyaran fartanya da garma, sai kuma kaka lokacin lauje. Ya kuma san maƙeri yana noma kamar kowa, ya gaji sana'ar a gidan ubansa, kuma akwai Sarkin Maƙera a kansa. Ƙaramin ƙauye yana iya riƙe maƙeri sarai, muddin ba a ce sai da ƙira kaɗai zai ci abinci ba. Wata hujjar kuma daga kayan kansu take: gatura da takubban zamanin tagulla suna da salon yanki-yanki, ka ga na wannan kwari ka san ba na wancan ba ne. Da a ce mutane ƙalilan ne ke zagaye nahiyar suna yi wa kowa aiki, da salon bai tsaya a iyakokin yankuna haka ba.

Duk da haka kada ka je ka ce wa abokinka babu maƙeri matafiyi, domin zai iya kawo maka shaidu uku masu ƙarfi.

Na farko wani mutum ne da aka tono kabarinsa a 2002 a Amesbury, kusa da duwatsun Stonehenge. An binne shi wajen shekara ta 2300 kafin Miladiyya, lokacin da ƙarfe yake sabon abu a Birtaniya. A cikin kayansa akwai wuƙaƙen jan ƙarfe uku, da kayan ado biyu na zinariya, da wani sulɓaɓɓen dutse irin wanda ake ɗora ƙarfe a kai a buga. Da aka auna sinadarin haƙoransa, wanda ke riƙe da alamar ruwan da mutum ya sha yana yaro, sai aka ga a yankin tsaunukan Alps ya tashi. To ga mai sanin aikin ƙarfe da ya ƙetare nahiya da teku. Amma lura da yadda ya ƙare. An yi masa jana'iza irin ta manya, da kaya masu yawan da ba a saba gani ba, kuma kusa da shi an binne wani ɗan'uwansa na jini wanda shi a Birtaniya ya girma. Wannan baƙo ne da ya zo aka karɓe shi, ya zauna, ya yi dangi.

Na biyu jirgin ruwan da ya nutse a Gelidonya, kudancin Turkiyya, wajen 1200 kafin Miladiyya, wanda George Bass da tawagarsa suka haƙo a 1960. An samu dunƙulen jan ƙarfe da kuza, da tarkacen tagulla na karyayyun kayan noma da aka tara don a sake narkarwa, da gudumomin dutse, da duwatsun washi, da ma'aunai. A ganina wannan ne mafi kusa da abin da abokinka yake nufi: mutum mai ciniki da ƙira a haɗe, yana bin tashoshin teku. Sai dai ka duba abin da ya ɗauke shi. Jirgi ne guda, da matuƙa, da kayan da nauyinsu ya kai wajen tan ɗaya, da ma'aunan da ke nuna kowane gutsure sai an auna an yi lissafi.

Na uku ya zo daga baya sosai, zamanin Baikin, maharan teku na arewacin Turai. A 1936 wani manomi yana huɗa a Mästermyr da ke tsibirin Gotland na Siwidin sai garmarsa ta ci karo da akwatin katako ɗaure da sarƙa. A ciki da kewayensa akwai abubuwa sama da 200: gudumomi, awartakai, ƙananan uwayen maƙera, magagarai, zarto, kayan sassaƙa, kwaɗuna da mabuɗai, da tukwanen ƙarfe masu neman gyara. Akwatin ya nuna irin aikin da mai yawo yake iya yi: ƙusa, kwaɗo, wuƙa, facin tukunya, gyaran abin da ya karye. Babu abin haƙar tama ko na narka ta a ciki.

A nan ne ya kamata ka raba wa abokinka aikin gida uku, domin duk ruɗanin daga haɗa su yake. Haƙo dutsen ƙarfe aiki ne daban, fitar da ƙarfe daga dutsen aiki ne daban, sarrafa ƙarfen ya zama kaya shi ma daban. Na ukun ne kawai yake iya shiga jaka.

Ɗauki tagulla, wato jan ƙarfe da aka gauraya da kuza, wajen kashi 1 na kuza cikin 10. Jan ƙarfe yana narkewa ne a zafin digiri 1,085, tagulla ƙasa da haka kaɗan, kuma ba za ka kai wannan zafi da itacen girki ba, sai gawayi mai kyau da zuga ba ƙaƙƙautawa. Jan ƙarfe akwai shi a wurare da dama, irin su tsibirin Kubrus, da Great Orme a Wales, da Timna a kudancin Falasɗinu ta dā. Kuza ita ce matsalar, domin wuraren da take ƙalilan ne: Cornwall a Ingila, da Brittany a Faransa, da wasu sassan Sifen da Fotugal, da tsakiyar Asiya. Wajen 1900 kafin Miladiyya fataken birnin Ashur da ke Iraƙi ta yau suna ɗora kuza da tufafi a kan jakuna su kai Kanesh a tsakiyar Turkiyya, tafiyar makonni, kuma allunan yumɓu sama da 20,000 da aka tono a can cike suke da lissafin bashi da haraji da riba. Jirgin Uluburun, da ya nutse a gaɓar kudancin Turkiyya wajen 1300 kafin Miladiyya, yana ɗauke da tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza, daidai gwargwadon haɗin tagulla. Irin wannan kaya na sarakuna ne da manyan attajirai. Maƙeri ba ya tsintar kuza a bakin hanya.

Ko da ƙarfen yana hannu, takobin tagulla zubi ake yi, ba bugu ba. Sai an sassaƙa siffarsa da itace, a danna a cikin yumɓu mai laushi a fitar da mazubi ɓari biyu, a bar shi ya bushe a hankali na kwanaki don kada ya tsage, a gasa shi, a haɗa ɓarin biyu a lulluɓe da wani yumɓun. In ɗan danshi ya rage a ciki, narkakken ƙarfe yana shiga zai yi tsartuwa ya ɓata aikin, yana iya ma ƙona mai zubin. Mazubin yumɓu sau ɗaya yake aiki, fasa shi ake yi a ciro takobin, in zubin bai cika ba a koma farko. Bayan nan sai goge tabon zubi, da bubbuga kaifin a sanyi don ya yi tauri, da huda ramukan ƙusa, da sa ƙota, da washi. Aikin kwanaki ne masu yawa, kuma ba na hannu biyu kaɗai ba. A Jarlshof da ke tsibiran Shetland na arewacin Birtaniya an tono fasassun mazubai na takubba da gatura a cikin wani gida na ƙarshen zamanin tagulla, an daɗe kuma ana fassara su da aikin baƙon maƙeri da ya zo daga wajen Ayaland. Ko shi ɗin, gida ya samu a cikin ƙauyen ya kafa wurin aiki.

Batun sulke kuwa ya fi sauƙi. Sulken zobba bai bayyana ba sai wajen ƙarni na 3 kafin Miladiyya, a zamanin baƙin ƙarfe, kuma riga ɗaya tana cin zobba 20,000 ko fiye, kowane sai an ja waya an naɗe an haɗa. A zamanin tagulla abin da ake da shi faranta ne na tagulla, kamar rigar yaƙin da aka tono a Dendra ta ƙasar Girka, ta wajen 1400 kafin Miladiyya, kuma kayan manyan mayaƙa ne.

In duniyarku ta kai ga baƙin ƙarfe, lissafin ya ɗan sauya amma bai yi sauƙi ba. Tama tana ko'ina, wannan ne ya sa baƙin ƙarfe ya zama ƙarfen talaka. Sai dai fitar da shi yana son a gina tanderun laka ya bushe, a sari itace a toya gawayi mai yawa, a farfasa tama, a jera mutane suna karɓa-karɓar zuga na sa'o'i. Abin da zai fito dunƙule ne mai soso haɗe da kashin maƙera, sai an yi ta mayar da shi wuta ana duka kafin ya zama ƙarfen aiki. Tanderun da aka tono a Taruga, na mutanen Nok, sun nuna ana wannan aiki a tsakiyar Nijeriya ƙarnoni kafin Miladiyya, kuma a wuri guda aka same su a tare, alamar jama'a ce zaune tana aiki. Ko labarin kafuwar Kano da Abagayawa suke bayarwa, na maƙerin da ya taso daga Gaya yana neman tama, ƙarshensa zama ne a gindin Dala inda tamar take.

To ta wace hanya maƙera suka riƙa tafiya? Rubuce-rubucen dā sun ba da amsa, kuma a ganina amsar ta fi tatsuniyar abokinka daɗi.

Sau da yawa aika su ake yi. Wasiƙun fadar Mari da ke bakin kogin Furat, na ƙarni na 18 kafin Miladiyya, sun nuna masu sana'a dukiyar fada ne, sarki yana tura su wani gari ko ya ara wa wani sarki, in sun gudu a bi sawunsu. Yarjejeniyoyin sarakunan Hitti, da suka yi mulki a inda Turkiyya take a yau, suna da sharaɗin a mayar da mai sana'ar da ya tsere. A Tsohon Alkawari an ba da labarin Hiram mutumin Taya, gwanin tagulla da aka kirawo ya yi wa Annabi Sulaiman aiki. Haka ma al'adar Bini take cewa Oba ne ya roƙi Ife ta aiko masa da gwanin zubin tagulla, zuriyar masu wannan sana'a kuma suka zauna a unguwa guda ƙarƙashin fada. Wasu kuma da ƙarfin tsiya aka tafi da su. Nebukadnezzar ya kwashi masu sana'a da maƙeran Ƙudus zuwa Babila a 597 kafin Miladiyya, Taimur, sarkin mayaƙan tsakiyar Asiya, ya yi wa Dimashƙa haka a 1401 ya kai su Samarƙand, kuma a 1254 matafiyi William na Rubruck ya tarar da wani maƙerin azurfa ɗan birnin Faris na Faransa, Guillaume Boucher, yana aiki a Karakorum babban birnin Mongol, bayan an kamo shi a yaƙi. Sarki mai hankali ba ya kashe maƙerin abokin gaba, kuma ba ya barin nasa ya fita yadda ya ga dama.

Akwai kuma masu zagaye da ke da gida. Maƙeran Awka a ƙasar Ibo su ne shahararren misali a yankinmu. Sukan fita ƙungiya-ƙungiya da yaransu masu koyo, su nufi yankunan da aka san na kowa ne, su sauka wajen mai masauki da zai tsaya musu, su yi watanni suna aiki, su koma gida. Maƙeran Abzinawa, inadan, suna tafiya ne domin mutanen da suke jingine da su makiyaya ne, in rugar ta tashi su tashi. Gadiya Lohar na Rajastan a Indiya suna yawo da iyalansu a keken shanu, kuma aikinsu gyaran kayan noma ne da ƙananan kayan gida. Sai masu manyan ayyuka da ba sa ɗaukuwa: masu zubin ƙararrawar coci a Turai sukan je garin su haƙa ramin zubi a can, kuma Orban, wanda ya zuba wa Sarkin Turkawa Muhammad al-Fatih manyan igwogin da aka ci Kustantiniyya da su a 1453, ya koma wajensa ne bayan Rumawa sun kasa biyansa da samar masa kayan aiki. Gwani ne da babu kamarsa, amma sai da ya sami mai tagulla da ma'aikata kafin gwanintar ta zama igwa.

Shaidar da na fi so ka riƙe ita ce ta Pylos a ƙasar Girka, wajen 1200 kafin Miladiyya. A allunan fadar an rubuta sunayen maƙera fiye da 200, gari-gari, kowanne da nauyin tagullar da aka auna aka ba shi, galibi 'yan kilo kaɗan, har da jerin waɗanda ba a ba su komai ba. Magatakarda ya san abin da ya fita, yana jiran abin da zai dawo. Wannan shi ne tsarin da teburinka ya rasa, kuma daga nan maganin matsalarka ta biyu yake farawa.

Abubuwa uku ka kawo ƙara a kansu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Takobin dare ɗaya ba maguɗi ba ne. Ɗan wasa ne ya faɗi abin da yake so jaruminsa ya yi, kai mai jan wasa ka bari ya wuce. Gyaransa doka ce da za ka sanar a gaban kowa kafin zama na gaba: a zango ana iya washi, da miƙe abin da ya lanƙwashe, da sa ƙota, da zuba kan kibiya in akwai ƙaramin mazubin dutse da ɗan tarkace. Takobi kuwa sai a gari, da izinin mai garin, da ƙarfen da aka saya ko aka karɓa da awo, da kwanakin da za a ƙirga a cikin labarin. Kada ka ƙwace abin da ya riga ya ƙera, domin da yardarka aka yi. Dokar ta fara aiki daga ranar da aka faɗe ta.

Kayan da ke ƙaruwa a takarda da dayis da ake ɗaukewa, su ne ke iya zama ha'inci. Ina cewa "iya zama" domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma mutane suna yin kuskuren lissafi fiye da yadda ake tsammani. Kada ka kafa hujja da yawan sa'arsa. Dayis mai fuska 20 yana ba da 20 sau 1 cikin 20, biyu a jere sau 1 cikin 400, kuma a teburin mutum shida da ke jifa ɗaruruwa cikin 'yan makonni, ba abin mamaki ba ne irin wannan ya faru ga wani. Abin da za ka yi shi ne ka toshe ƙofar ga kowa, ba tare da ka nuna kowa da yatsa ba. A sa faranti a tsakiya, duk jifa a cikinsa, ba a jifa sai ka ce a jefa, ba a taɓa dayis sai wani ya karanta lambar da ƙarfi, wanda aka ɗauke kafin a gani kuwa a sake shi. A ƙarshen kowane zama ka ɗauki hoton takardar kowa da wayarka, kuma ƙarfe da kuɗi da kayan ayari su kasance a littafi guda a hannunka ko hannun wanda aka zaɓa. In kai ma kana jifa a ɓoye kana sauya sakamako don labari ya yi daɗi, to ka fito da naka farantin fili, domin ba za ka nemi gaskiyar da kai ba ka yi ba.

Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai isa ba, ka same shi ku biyu, ba a gaban jama'a ba, ba kuma a zauren WhatsApp na ƙungiya ba. Faɗi abin da idonka ya gani kawai: ranar kaza takardarka tana da kaza, yau tana da kaza, ban tuna inda aka samu ba. Ka bar masa hanyar da zai ce kuskure ne ya gyara, mutuncinsa bai zube ba. Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne ramuwa ta cikin labari, wato ka turo ɓarayi su kwashe kayansa ko dodo ya kashe jaruminsa don ka huce. Zai gane, sauran ma za su gane, daga ranar kuma babu wanda zai ƙara yarda cewa hukuncinka na adalci ne.

Ka kuma tambayi kanka me yake nema. A wasan da ba kuɗi a ciki, mai maguɗi galibi tsoron faɗuwa yake yi, ko yana jin jaruminsa ba shi da amfani in ana yaƙi mayaƙa na haskakawa. In haka ne, tarihin da na zayyana maka ya ba ka abin da za ka ba shi wanda ya fi takobin dare. Maƙerinsa shi ne wanda za a buɗe wa ƙofar gari lokacin da aka hana mayaƙa shiga. Shi zai ɗaga dunƙule ya gane an cuɗa shi da dalma. Shi sarki zai yi wa tayin gida da mata don kada ya tafi, in ya ƙi a sa masa masu gadi, sai abokansa sun san dabarar fitar da shi. Ayarin kuza da ya makara, mazubin da ya fashe ana saura kwana biyu yaƙi, maƙeran gari da ba sa son baƙo ya karya musu farashi, kowanne zama guda ne cikakke wanda shi ne a tsakiyarsa. Ka kuma nuna wa teburin cewa faɗuwar jifa ba ƙarshen jarumi ba ce, wata hanyar labarin ce take buɗewa, domin wanda ya ga an faɗi an ci gaba da jin daɗi ba ya damuwa da ɓoye lamba.

In kun yi magana sau biyu ya sake, ka gaya masa a natse cewa ba zai ci gaba da zama a wannan wasan ba, amma zumuncinku na waje yana nan. Sauran ka ce musu ya ɗan dakata, kada ka tona masa asiri. Jarumin nasa kuma kada ka kashe shi. Ka bar shi a wani birni yana aiki a maƙerar sarki, yadda in ya dawo ya yarda da farantin tsakiya da littafin lissafi, ayari zai iya biyowa ta nan ya ɗauke shi.